Tsamiyar Bakin Kogin Hawul

Motar ba ta ma gama fita daga unguwar Moduganari ta Maiduguri ba Gwaggo Agnes ta fara. Ta hakimce a kujerar gaba kusa da Pindar, ta ɗora jakarta a cinya, ta gyara zaman gilashinta, sannan ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba.

"Ke yarinya, ni fa ba yawon shan iska zan je ba. Gida zan je in gani. In ga matar da ta haife ki da idona, in sha ruwa daga hannunta. In na ga abin da bai kwanta mini ba, a motar nan za mu juyo."

Rebeka ta sunkuyar da kai a kujerar baya ta ce, "To, Gwaggo."

Me za ta ce? Gwaggo Agnes yayar mahaifin Pindar ce, kuma tun da mahaifin ya rasu babu mai ɗaga tsinke a gidansu sai da yawunta. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu. Mace ce mai addu'a da ƙarfi, mai kyauta a gaban jama'a, mai harshe kamar reza. A danginsu ba a kai kayan tambayar aure sai babbar mace ta je har ƙauyen yarinya ta binciki abu uku: hauka, farfaɗiya, kuturta. Aure biyu Gwaggo ta rushe da irin wannan tafiya, kuma har gobe tana ba da labarin da alfahari.

To, ga inda matsalar take. Mahaifiyar Rebeka kuturwa ce.

Kubili sunanta. Shekara ashirin da shida tana zaune a unguwar kutare da ke bakin kogin Hawul. Magani ya daɗe da kashe cutar a jikinta, likitoci sun sallame ta tun Rebeka tana rarrafe, amma yatsun da suka tafi sun tafi. Ranar da aka haifi Rebeka aka ɗauke ta daga gefen uwar, aka kai ta ɗakin renon mishan. Tana shekara biyar Kawu Dzarma, ƙanin uwar, ya kawo ta Maiduguri. A gidansa ta girma, ta yi karatu, ta zama malamar firamare. Mutanen coci duk sun san iyayenta na ƙauye, shi ke nan abin da suka sani.

Pindar kaɗai ta gaya wa gaskiya, wata takwas da suka wuce, tana kuka har da shessheƙa. Ya riƙe hannunta ya ce ko danginta duka a unguwar suke shi ya ji ya gani. Ta yarda da shi. Wace ce ba za ta yarda ba?

Amma da maganar zuwan Gwaggo ta taso, shi ne ya zo da dabara. Ya zauna da Kawu Dzarma suka shirya: za a wuce unguwar kutare, a zarce ƙauyen Mbwala, mil huɗu gaba, inda Saratu yayar Kubili take aure. Saratu za ta fito a matsayin uwa, ta miƙa ruwa da yatsunta goma cif. Tun jiya Kawu ya tafi can don ya toshe bakin maƙwabta.

Pindar ma ya aro Fijo daga wurin ogansa na ofis, don kada a shiga motar haya a haɗu da wani mai dogon baki.

Daga Maiduguri zuwa Damboa babu abin kallo sai fili da ƙaya da garken shanu. Gwaggo ta cike hanyar da labarin Dorothy.

"Yarinyar nan Dorothy, 'yar Fasto Thomas, ka san ta gama karatun nas? Gidansu ko bincike ba a yi. Kakanta na sani, kakarta na sani, duk da haƙoransu suka mutu. Jiya ma ta kawo mini miyar yakuwa. Ni dai na faɗa maka tun farko, amma yaran yanzu ba ku jin magana."

Pindar ya yi 'yar dariya ya ce, "Gwaggo ke nan."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Rebeka ta kalli ƙeyarsa.

A Damboa suka tsaya shan mai. Gwaggo ta sauka ta zaga bayan wani shago. Tana ɓacewa Rebeka ta matso ta kama bayan kujerarsa.

"Pindar, akwai maganar da ban gaya maka ba."

"Wace magana kuma?"

"Na aika wa Mama saƙo. Ta san yau za mu wuce."

Ya juyo gaba ɗaya. "Kin yi me?"

"Ba za ta zo Mbwala ba. Ta yarda da komai, ita ce ma ta ce a yi hakan. Abu ɗaya ta roƙa. Akwai tsamiya a bakin hanya kafin gada, za ta tsaya a gindinta. Ta ce tana so ta ga fuskar wanda zai aure ni, ko ta gilashin mota ne. Ka rage gudu kawai, ka kalli wajen. Ba sai ka ɗaga hannu ba."

"Rebeka, kin san abin da kika yi kuwa? Wata uku ina haɗa wannan tafiya!"

"Uwata ce, Pindar."

"Wa ya ce ba uwarki ba ce? Saratu ma ai uwarki ce, cikinsu ɗaya. Ba ƙarya muka yi ba, gyara muka yi. A ɗaura auren tukuna. In an ɗaura, ni da kaina zan kai ki, in durƙusa in gaishe ta."

Hawaye ya zubo mata. "Ka san sau nawa na gan ta a rayuwata? Sau tara. Ina ƙirgawa. Kuma duk zuwan da na yi, nesa da ni take zama, ta ɓoye hannunta cikin zane. Ba za ta zo bikina ba, ba za ta ga ɗakina ba. Kallo ɗaya ta roƙa, shi ma ya yi yawa?"

"Ki share fuskarki, ga ta nan tafe."

"Za ka rage gudun?"

"Na ce ki share fuskarki!"

Ta share. Gwaggo ta shigo tana mitar ƙazantar garin, aka tayar da mota.

Bayan Biu ƙasa ta canza. Hanya ta fara gangara tana lanƙwasa tsakanin baƙaƙen duwatsu, iska mai sanyi ta shigo ta taga. Watan Oktoba ne, ruwan sama bai fi mako biyu da ɗaukewa ba, ko'ina shar. An jera duwatsu a jikin tuddai an yi gonaki hawa-hawa, dawa ta yi kai ta sunkuya, auduga ta fara fashewa fari fat. Mata suna cirar gyaɗa, suna miƙewa su kare ido da hannu su kalli mota.

Da suka sha wata kwana sai kwarin ya buɗe gaba ɗaya. Can ƙasa ga kogin Hawul yana sheƙi, yana ratsa farin yashi, giginya a jere a gaɓarsa, ga gonakin rake da ayaba, ga rufin ciyawa na ƙauyuka nan da can cikin duhun mangwaro. Balbelu sun bi bayan shanu a fadama.

Kai, wuri ne da mutum zai so ya zo da wanda yake ƙauna, ba da ƙarya a bakinsa ba.

Har Gwaggo sai da ta cire gilashin ta goge ido.

"Shekara goma sha ɗaya rabona da kwarin nan," ta ce a hankali. "A irin wancan yashin muke wanki muna 'yan mata. Mu shanya zannuwa, mu faɗa ruwa, sai an biyo mu da bulala."

Ta fara rera wata waƙar coci da yaren Bura. Rebeka ba ta san lokacin da ta kama mata amshi ba. Gwaggo ta tsaya, ta waiwayo, karo na farko tun safe ta dube ta sosai.

"Au, kin iya? Na ɗauka 'yan Maiduguri kun zubar da yarenku a kwata."

"Kawuna ba ya yarda a yi Hausa a cikin gida, Gwaggo."

"Ya kyauta. Ina lura da ke tun da muka taso. Na zage ki a fakaice, na yabi wata a gabanki, ba ki ɗaga ido ba. Dorothy da tuni ta kumbura baki. In gidanku ya yi daidai da halinki, 'yata, ni da kaina zan ɗauko kayanki a kai."

Pindar ya kalli Rebeka ta madubi, fuskarsa cike da murna, yana mata alama da gira. Ita kuwa wata takwas tana addu'ar ta ji kalmar "'yata" daga bakin matar nan, sai yau ta zo, saura mil biyu a kai tsamiya.

Hanyar ta sauka ta kwanta a gefen kogi. Kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta fara. Suka wuce masu kamun kifi, suka wuce wani mai keke da buhun gawayi. Daga nesa Rebeka ta hango tsamiyar, ta hango kuma mutum ɗaya tsaye a gindinta.

Kubili ce. Ta sa atamfar da Rebeka ta aika mata da Kirsimeti, shuɗiya mai zanen ganye, ko wanki ba a taɓa yi mata ba. Ta ɗaura ɗankwali sabo. Ta tsaya ƙyam, ta harɗe hannuwa a ƙarƙashin mayafi. Allah kaɗai ya san tun ƙarfe nawa take wurin.

Pindar ya taka mai.

Rebeka ta ji motar ta zabura. Ta ga ya kafe idonsa a kan hanya, ko ƙiftawa zuwa hagu bai yi ba. Suka wuce ta fuu, ƙura ta tashi ta rufe shuɗiyar atamfar.

"Tsaya!" in ji Gwaggo. "Kai, tsaya mana! Ba ka ga baiwar Allah ba?"

"Gwaggo, ana jiran mu, rana ta yi."

"Na ce ka tsaya. Kuturwa ce, na ga ƙafarta. Unguwarsu na nan kusa. Zumunta ta haɗa mini tsofaffin zannuwa in kawo musu, suna cikin but a bayan mota. Koma baya."

Ya koma baya.

Gwaggo ta buɗe ƙofa amma ba ta sauka ba. Ta sa Pindar ya ciro ƙullin, ta zaro zane ɗaya da ya koɗe, gefensa ya zare, ta miƙa baya.

"Ungo, 'yata, ƙafata ta yi tsami. Kai mata. Ki ajiye a ƙasa daga nesa, za ta ɗauka. Kada ki kuskura ki taɓa ta."

Rebeka ta karɓa. Ta sauka. Taku ashirin ne tsakanin motar da tsamiyar, amma sai ta ji kamar a cikin ruwa take tafiya.

Kubili ta rame fiye da bara. Ƙura ta kwanta mata a gira da kan sabon ɗankwalin. Idonta ba ya kan Rebeka, yana kan saurayin da ke tsaye a bayan mota ya juya mata baya. Da 'yarta ta matso sai ta ja da baya taku ɗaya, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Bura, leɓenta da ƙyar yake motsi.

"Ajiye ki koma. Na gan shi. Dogo ne, ya yi. Koma."

Rebeka ta dubi tsumman da ke hannunta, ta dubi ƙasar da aka ce ta ajiye shi. Ta durƙusa, ta saki zanen, ta kai hannu ƙarƙashin mayafin ta kamo hannun uwarta, dungulmi biyu masu tauri da ɗumi, ta kifa fuskarta a kansu ta fashe da kuka.

"Mama," ta ce. "Mama, ki yafe mini."

"Yesu!" Gwaggo ta yi ƙara daga mota. Ƙafar da ta yi tsami ta warke nan take, ta taho tana haki. "Ke! Kin haukace ne? Me na gaya miki? Wa kike kira Mama?"

Kubili ta fizge hannunta. Ta durƙusa wa Gwaggo har ƙasa, ta juya harshe zuwa Hausa, da muryar masu bara wadda Rebeka ba ta taɓa jin ta da ita ba.

"Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. Ban san ta ba. Yarinya ce mai tausayi, ta ga tsohuwa ta ce Mama. Ni ban taɓa haihuwa ba, ranki ya daɗe. Allah ya saka da alheri, Allah ya kai ku lafiya."

Ta sa dungulmin hannunta biyu ta tattaro tsohon zanen daga cikin ƙura, ta rungume shi a kan sabuwar atamfarta, tana ta godiya.

Wannan godiyar ce ta ƙona Rebeka fiye da komai.

Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya. "To, Allah ya kyauta. Tausayi abu ne mai kyau, amma da hankali ake yin sa. Ki tashi. Ba za ki shiga motar nan da hannun nan ba. Pindar! Kawo jarkar ruwan nan, da sabulu a jakata."

Ya kawo. Ya tsaya a gaban Rebeka, jarka a hannu ɗaya, sabulu a ɗaya, gumi na bin wuyansa. Taku biyu ne tsakaninsa da surukarsa, bai dube ta ba. Ya sunkuyo kamar zai zuba ruwan, ya yi raɗa.

"Ta rufa mana asiri. Ki wanke kawai mu wuce. Don Allah, Rebeka. Saura mil huɗu."

"Ka gaishe ta," ta ce, ita ma a raɗa.

"Ba yanzu ba."

"Sannu kawai. Ko bare ai ana ce masa sannu."

"Ki miƙo hannunki."

Ta dubi fuskarsa, fuskar da ta yi shekara biyu tana gani in ta rufe ido. Ta tuna wasiƙun da yake aiko mata makaranta, da ranar da ya tako daga unguwar Dala a ƙafa cikin ruwan sama don an ce ba ta da lafiya. Tana son sa. Ko a wannan lokacin tana son sa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta san in ta miƙa hannun, kafin Ista tana ɗakinsa.

Ta waiwaya. Uwarta na durƙushe har yanzu, tana girgiza mata kai a hankali, idanunta na roƙo.

Rebeka ta miƙe tsaye. Ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe su.

"Ba zan wanke ba."

"Me kika ce?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, kin ce kin zo ki ga matar da ta haife ni. Ga ta nan. Sunanta Kubili. Ƙarya ta yi miki don kada a fasa aurena. Wadda ke jiran ki a Mbwala yayarta ce. Ta warke tun ina jaririya, takardar likita na nan, ni kuma ga jikina, ki duba duk inda kike so. Amma ba zan sa sabulu don na taɓa uwata ba."

Kubili ta saki wani irin kuka, ta dafe kai. "Wayyo, 'yar nan, kin kashe kanki! Me ya sa? Me ya sa?"

Gwaggo Agnes ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi sauƙi. Ta mayar da gilashinta, ta dubi uwar, ta dubi 'yar, ta dubi goshinsu da hancinsu iri ɗaya, ta gyaɗa kai. Sannan ta juya a hankali wajen ɗan ƙaninta.

"Pindar."

"Na'am, Gwaggo."

"Dube ni. Kai ka aro mota, kai ka sa rana, kai ka ce Mbwala. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa mini tsakaninka da Allah. Ka san da wannan magana?"

Rebeka ta zuba masa ido. Ba ta roƙe shi ba, ba ta kira sunansa ba. Kalma ɗaya take jira, kuma a ranta ta riga ta yafe masa gudun motar da jarkar da komai, in dai ya faɗe ta.

Pindar ya ajiye jarkar a ƙasa. Ya goge tafin hannunsa a jikin wando. Ya kalli takalminsa.

"Ban sani ba, Gwaggo," ya ce. "Yau na fara ji."